Sifa Ta Yi Yawa, Aikatau Ya Yi Kaɗan: Sharhi a Kan Takardun Karramawa

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su yi mamakin ganin an kawo takardar karramawa a shafin da aka saba feɗe waƙa ko ƙagaggen labari. To, ina roƙon ɗan'uwa mai karatu ya ɗan yi mini haƙuri. Ɗan littafin nan da ake rabawa a daren liyafar ƙungiyoyin ɗalibai, mai ɗauke da hotunan waɗanda za a ba lambar yabo da taƙaitaccen tarihinsu, shi ma rubutu ne. Yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi yawancin waƙoƙin da muke bugawa samun masu karatu, domin har iyayenmu da ke ƙauye suna adana shi a ƙasan akwati. Tun da haka ne, ya cancanci a ɗora shi bisa gadon fiɗa kamar kowane rubutu.

Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne. Takardar karramawa tana yin kyau ne idan ta faɗi abin da mutum ya aikata da wanda ya amfana da shi, tana kuma lalacewa idan ta koma tarin sifofi. Zan kwatanta tamu da ta wata ƙungiyar ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam ta ƙasar Amurka, sa'an nan in dawo gida in kwatanta ta da abin da magabatanmu na ƙasar Gwandu suka bari.

Abin da Ya Jawo Wannan Sharhi

A hutun bara wata ƙungiyar ɗalibai da nake ciki, wadda yawancin 'ya'yanta daga Jega da Aliero da Maiyama suke, ta shirya bikin karrama tsofaffin ɗalibai da iyayen ƙungiya. Ba zan ambaci sunanta ba, domin laifin da zan faɗa na kowa ne, ni ne ma kan gaba. Aka naɗa ni magatakardan kwamitin karramawa. Da aka zo tattara sunaye sai na kawo sunan malamina na firamare, wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, wanda ya haura shekara 30 yana riƙe da alli, kuma mutum huɗu daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin taron nan a hannunsa suka koyi baƙi da wasali. Shugaban kwamiti ya dube ni ya ce, “Malam Magatakarda, ba mu ƙi taka ba, amma ka san kuɗin allon yabo ɗaya kuwa? Shi Malam nawa zai kawo?” Aka yi dariya, ni ma na taya, aka wuce.

Aka tsayar da mutum tara, aka ce in rubuta tarihinsu. Nan fa ido ya raina fata. Biyu daga ciki na san aikinsu, na rubuta ba wahala. Sauran bakwai ɗin kuwa ban san kome game da su ba sai muƙami da sarauta da irin motar da suke shiga. Saboda haka na buɗe jakar sifofi na yi ta zubawa: gwarzo, haziƙi, jajirtacce, mai kishin al'umma, uban marayu, abin koyi ga matasa. Da littafin ya fito daga maɗaba'a sai na ga mai bugu ya yi kuskure, ya sa tarihin wani a ƙarƙashin hoton wani. Gabana ya faɗi. Aka yi biki, aka karanta, aka tafa, aka watse, ba wanda ya lura, har su masu tarihin. Ran nan na gane cewa rubutun da za a iya cire sunan wani a sa na wani ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba, bai faɗi kome ba game da kowa.

Jigo da Zubi da Salo

Bari mu feɗe irin wannan takarda kamar yadda malamanmu na adabi suka koya mana. Jigonta na fili shi ne yabo, amma akwai ɓoyayyen jigo, watau roƙo. Zubinta kusan iri ɗaya ne ko'ina: a fara da ranar haihuwa, a jero makarantu, a jero muƙamai, a rufe da cewa yana da aure da 'ya'ya kuma yana sha'awar karance-karance da tafiye-tafiye. Salonta kuwa shi ne kambamawa. In ka ɗauki alƙalami ka ja layi a ƙarƙashin kowace sifa, sa'an nan ka kewaye kowane aikatau, za ka tarar sifofi sun cika shafi, aikatau kuwa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu irin su “an haife shi” da “an naɗa shi” ne, watau abin da aka yi masa ke nan. Abin da shi ya yi wa wani da ƙyar ka tsinci ɗaya.

Wani zai ce ai roƙo al'adarmu ce, kuma yabon gwani ya zama dole. Haka ne. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan aikin da roƙo ke yi a zamantakewar Hausawa, ya nuna yadda maroƙi ke tabbatar wa kowa matsayinsa a bainar jama'a. Amma fa a lura, maroƙin gaske ya fi mu riƙon amanar sana'arsa. Idan makaɗin noma zai wasa manomi, sai ya faɗi gonarsa da yawan damen da ya ɗaure. Idan Ɗan'anace zai wasa Shago, sai ka ji sunayen mazajen da aka kara da su da garuruwan da aka yi damben. Makaɗin fada ba ya buɗe baki sai ya san asalin ubangidansa kaka da kakanni. Kirarin wani ba ya hawa kan wani, domin an ɗinka shi ne daidai wuyan mai shi. Ashe ke nan mu 'yan jami'a mun ari roƙo mun bar ilimin roƙo, mun zama maroƙan da ba su yi bincike ba.

Ƙungiyar Psi Chi

Na fara jin sunan wannan ƙungiya ne sa'ad da muke karanta ilimin halayyar ɗan Adam, darasin da duk ɗalibin sashen koyarwa yake bi ta cikinsa. A jami'o'in Amurka akwai tsohuwar al'ada ta kafa ƙungiyoyin zaƙaƙuran ɗalibai masu sunaye da haruffan Girkanci, wadda ta fi tsufa ita ce Phi Beta Kappa ta 1776. Ta ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam ita ce Psi Chi. Ɗalibai biyu na Jami'ar Kansas, Edwin Newman da Frederick Lewis, su suka kawo shawarar, aka kuma kafa ta ran 4 ga Satumba, 1929, a Jami'ar Yale, lokacin babban taro na tara na masanan wannan fanni na duniya. A 2009 ta buɗe ƙofarta ga jami'o'in wasu ƙasashe, kuma waɗanda suka shige ta tun kafuwarta sun haura 700,000.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idar shiga. Ɗalibin digiri na farko ba ya shiga sai ya kammala zangon karatu uku, ya ci wani adadi na darussan fannin, makinsa bai gaza 3.0 cikin 4.0 ba, kuma yana cikin kashi 35 cikin 100 na sama a ajinsu. Ana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, mutum ya zama ɗan ƙungiya har ƙarshen ransa. Sa'an nan suna da wani jeri na musamman na manyan masanan da suka karrama, irin su B. F. Skinner da Albert Bandura da Philip Zimbardo. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗalibin aji biyu zai iya faɗa maka abin da ya yi cikin jimla ɗaya. Skinner ya yi bincike a kan yadda sakamako ke ƙarfafa hali ko ya raunana shi. Bandura ya nuna a 1961 cewa yara na kwaikwayon dukan da suka ga babba ya yi wa 'yar tsana. Ka ga aikatau ke nan.

Kada a ɗauka ina cewa tsarinsu ba shi da aibu. Maki ba ya auna kome da kome. Ɗalibin da ke zuwa lacca bayan ya kwana yana ban ruwa a gonar albasa, da wanda aka ajiye masa kuɗi a banki, ba gudu ɗaya suke yi ba, ko da a fili ɗaya aka tsayar da su. Amma duk da haka ƙa'idar a rubuce take, kowa ya san ta tun kafin a fara, kuma wanda aka hana yana iya tambayar dalili a ba shi amsa. Mu kuwa da malamina ya faɗi a kwamiti, ba wata ƙa'ida da zan ɗauko in kare shi da ita, domin ba mu taɓa rubuta ko layi ɗaya ba game da abin da ke sa a karrama mutum.

Abin da Fannin Kansa Ya Gano

Wani abin sha'awa shi ne, ilimin halayyar ɗan Adam da kansa ya bayyana cutar da ke damun takardunmu. A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka lura da ɗaliban jami'o'i bakwai na Amurka, suka ga cewa ranar Litinin da ta biyo bayan nasarar 'yan ƙwallon makarantarsu, ɗalibai sun fi sa riguna masu tambarin makaranta. In an ci sai ka ji ɗalibi ya ce “mun ci”, in an sha kashi kuwa sai ya ce “an cinye su”. Wannan hali shi ne jin ɗumi da wutar wani. Idan ƙungiya ta jero sunayen manya a bayan littafinta, sau da yawa kanta take yi wa ado, ko da babban bai taɓa taka ƙafa a taronta ba. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Tun kafin wannan, a 1920, Edward Thorndike ya duba yadda hafsoshin soja ke auna na ƙasa da su, ya ga cewa in sun ga mutum da kyan tsayi da kyan shiga, sai su ba shi maki mai yawa a hankali da jagoranci da hali gaba ɗaya. Mu ma haka muke yi: babbar riga da doguwar mota su ne ke haifar da “haziƙi” da “mai kishin al'umma” a alƙalaminmu. Har wa yau a 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya nuna cewa a duniyar masana wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo, ko da tare da wani ƙarami suka yi aikin. Dubi mutanen da muke karramawa: yawancinsu bangon falonsu ya cika da allunan yabo har ba wurin rataya sabo.

Akwai kuma darasi a cikin labarin Zimbardo. A 1971 ya mai da wani ɓangare na ginin sashensu a Jami'ar Stanford kamar kurkuku, ya raba ɗalibai wasu gandirobobi wasu fursunoni. An shirya mako biyu, amma aka tsayar bayan kwana shida saboda abin ya ƙazanta. Shekara da shekaru ana koyar da wannan a matsayin hujjar cewa matsayi na canza halin mutum. A 2018 wani manazarci ɗan Faransa, Thibault Le Texier, ya bi tsofaffin takardu da faya-fayan binciken ya nuna cewa an yi wa gandirobobin huɗubar yadda za su yi. Zimbardo ya kare kansa, ya kuma rasu a 2024 ana ta muhawara. Abin lura a nan shi ne, an iya yin gardamar ne domin an karrama shi a kan wani aiki sananne da za a iya komawa a duba. Wa zai iya yin gardama da “gwarzo”? Ba abin kamawa a jikinta.

Yadda Malam Abdullahin Gwandu Ya Yi Nasa

Ba sai mun haye teku ba kafin mu sami abin koyi. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. A 1812 Malam Abdullahi ya rubuta ɗan littafin nan Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A ganina wannan ita ce takardar karramawa mafi kyau da aka taɓa rubutawa a wannan yanki namu, kuma ya kamata duk magatakardan kwamiti ya karanta ta kafin ya ɗauki alƙalami. Mervyn Hiskett ya buga ta da fassarar Ingilishi a 1957.

Dubi zubinta. Malam Abdullahi ya fara da mahaifinsa, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani. Ya faɗi cewa yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, ya kuma jero abin da ya karanta a gabansa, irin su Ishiriniya da Ajurumiya da littattafan tauhidi. Ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru da littattafan usulu da ya ɗauka a wurinsa, ya ambaci Muhammadu ɗan Raji wanda suka ji Sahihul Buhari daga bakinsa. Kowane suna yana tafe da littafinsa. Ba ya rasa kalmomin girmamawa, amma kowace sifa tana jingine da wani aiki, kamar yadda rumfa ke jingine da shika-shikai. Ba za ka iya cire sunan wani malami ka sa na wani ba, domin nan take ƙarya za ta fito.

Abu na biyu shi ne alƙiblar yabon. A takardunmu ƙarami ke yabon babba domin ya samu. A Ida'un Nusukhi kuwa babba ne, wanda ya riga ya zama jagoran yammacin daula kuma marubucin da ake ji da shi, ya waiwaya yana biyan bashin waɗanda suka koya masa, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya, ba abin da za su ba shi. Daga ƙarshe ya nuna cewa akwai malamai da ma almajirai masu yawa, daga gabas da yamma, da ya ƙaru da su waɗanda ba zai iya ƙididdigewa ba. Watau ya san jerinsa bai cika ba, ya kuma faɗa. Mu namu jerin yakan fito ne kamar waɗannan tara su ke nan mutanen kirkin ƙasar.

Gimbana da Wanda Aka Bari a Waje

Kowane jeri ana gane shi da wanda ya shiga, ana kuma gane shi da wanda aka bari a waje. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin haka. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu, kuma shi ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803, da kuɓutar da kamammun da jama'ar Shehu suka yi sa'ad da aka biyo da su ta kusa da Ɗagel, su ne suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan an ci nasara Abdussalami ya ga rabon da aka ba shi bai kai gwargwadon wahalarsa ba. Saɓani ya tsananta bayan rasuwar Shehu a 1817, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Daga baya ɗansa Buhari ya sasanta da Gwandu, ya kafa garin Jega, wanda ya zama babbar kasuwa, kuma har gobe ana kiran zuriyar jama'arsa Gimbanawa.

Ba nufina in yi alƙalanci tsakanin magabata ba, wannan ya fi ƙarfina. Abin da ya shafi sharhinmu shi ne yadda aka rubuta labarin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Sardul Kalami a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, ya kuma sa wasiƙun da suka yi musaya a ciki. Ga shi shi ne ya yi rinjaye, yana da ikon shafe sunan abokin saɓaninsa, amma ya bar hujjojin mutumin a rubuce inda na baya za su karanta su auna. Daga nan muna koyon abu biyu. Na ɗaya, ƙorafin wanda yake ganin an tauye shi a wajen rabon girma ba ƙaramin abu ba ne, yana iya raba jama'ar da ta sha wuya tare. Na biyu, rubutun da ya amsa sunansa ba ya tsoron ambaton wanda ba a jin daɗin ambatonsa. Ƙungiyoyinmu kuwa da zarar tsohon shugaba ya saɓa da sabo, sai ka nemi sunansa a littafin tarihi ka rasa.

Hankali da Hannu

An ce haruffan nan biyu na Psi Chi suna wakiltar kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya tana nufin ruhi ko hankali, ɗayar tana nufin hannuwa. Da na ji haka sai Aliero ta faɗo mini a rai. Ban da albasa, an san garin da ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Ban ce kowace karaya ta gida ce ba, akwai wadda tilas sai asibiti. Amma mutumin da ya shekara 40 yana lallashin wanda ƙashinsa ya karye har ya yarda a taɓa wurin, ya san wani abu game da tsoro da haƙuri da ya kamata ɗalibin halayyar ɗan Adam ya zauna ya ji. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane irin wannan tun 1954, sa'ad da ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Wannan bai rage masa daraja ba, har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Yaushe rabon da mu ga maɗori, ko ungozoma, ko malamar Islamiyya ta cikin gida, a littafin karramawarmu?

A 1974 aka buga laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya kawo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a ciki, babu muƙami. Sai dai su ma waɗannan in aka zuba su a takarda haka kawai, sun zama sifofin banza. Bahaushe ba ya cewa wane mai amana ne sai ya biyo da labari: an ba shi ajiya shekara kaza, ya mayar ba ta yi ko ƙwarzane ba.

Kuma kada a ce ina ƙyamar manya. Ɗauki Farfesa Attahiru Jega. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994 a zamanin soja, ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, ya kuma shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, inda ya gudanar da zaɓen 2015 da jam'iyyar adawa ta karɓi mulkin tarayya a karo na farko. Ga shi na rubuta tarihinsa ban sa sifa ko ɗaya ba, kuma mai son yabo da mai son suka duk sun sami abin kamawa.

Kammalawa

Saboda haka ina ba ƙungiyoyinmu, har da wannan tamu ta Hausa, shawara huɗu. Na farko, a rubuta ƙa'idar shiga da ta karramawa, a karanta ta a babban taro kafin a kawo sunan kowa. Na biyu, a raba takardar godiya da takardar karramawa. Wanda ya ba da kuɗi a gode masa da sunan mai ba da gudummawa, wannan ba abin kunya ba ne, amma kada a saya masa rigar da ba tasa ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na uku, kowane tarihi ya ƙunshi aƙalla aiki uku da za a iya zuwa a gani ko a tambayi wanda ya amfana. Na huɗu, kowace shekara a ware gurbi ga wanda ba zai iya biyan kuɗin allonsa ba.

Bayan biki da mako biyu na hau mota daga tashar Jega na nufi ƙauyenmu, na tarar da malamina a zaure yana gyara wa jikansa karatu. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin abin da ya faru, har da dariyar da na taya. Na ce, “Allah gafarta Malam, na ci amanarka.” Ya yi murmushi ya ce, “Haba ɗana, allon katako zan ci? In kana son ka biya ni, ka rubuta abin da ka koya a wurina, ka sa sunan wanda ya koya mini, don kada a manta da shi.” Na ɗauko takarda nan take. Ya faɗi sunan malaminsa da garin da ya fito da shekarar da ya sa shi aji, ni kuma na rubuta a ƙasa cewa a hannun Malam na koyi haɗa baƙi, da jadawalin sau, da yadda ake rubuta wasiƙa. Layi shida ne kacal, amma ba a iya sa su ƙarƙashin hoton wani.

A nan zan dasa aya. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba, musamman waɗanda suka taɓa zama a irin kujerar da na zauna. Allah ya sa mu dace, amin.